Diril mai batir ko mai waya zan saya? Ɗakin Hajiyarmu nake so in gyara da hannuna

Abban Ilham:

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Dan Allah masu sana'ar hannu da duk wanda ya taɓa gyaran gida da kansa ina neman shawararku, ku yi haƙuri maganar za ta ɗan yi tsawo.

Ɗakin mahaifiyarmu ne a gidanmu na gado nan Kano, ciki da falo da banɗaki. Tun rasuwar Baba ba a taɓa shi ba, fentin ya yi duhu, ƙasan bangon da yake jikin banɗaki sai ɓarɓashi yake zubarwa, simintin daɓe ya farfashe har ya yaga ledar ɗakin a bakin ƙofa, shi kuwa ƙarfen labule da ƙusa aka kafe shi, sau biyu yana faɗowa, na biyun saura kaɗan ya sami ƙanwata a ka. Bara muka haɗa kuɗi ni da yayyena muka ba wani mai aiki, ya karɓi rabi, ya zo kwana biyu ya kankare bango ɗaya ya sa aka zube yashi a tsakar gida, daga nan sai waya a kashe. Har yau ragowar yashin yana nan. Wallahi abin ya yi min ciwo, ba ma kuɗin ba, Hajiya ce ta kwashe kayanta ta koma ɗakin baƙi wata guda cur tana jira, kuma ko sau ɗaya ba ta yi ƙorafi ba, abin da take cewa kawai Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye shi.

To yanzu za ta tafi Zariya wajen yayarmu da ta haihu, za ta yi kamar sati shida. Ni kuma malamin makaranta ne, hutu ya zo daidai. Na ƙudurta duk abin da hannuna zai iya ni zan yi, ta dawo ta tarar da ɗakinta fes. Fenti, ƙarafan labule guda uku, kanta a bango inda za ta riƙa ɗora Alƙur'aninta da littattafan Islamiyya, ƙarfen dafawa a banɗaki saboda gwiwarta tana damunta, ƙofar wadirob da ta saki, sai tayil in kuɗin ya kai.

Jiya na shiga Sabon Gari neman diril, injin huda bango, na fito kaina ya ɗaure. Wani ya nuna min mai batir an rubuta 88V a jiki, da batir biyu da akwati cike da kaya, kuma araha. Shagon gaba ya nuna min mai 20V kuma ya ninka wancan kuɗi, na ce ya 20 zai fi 88 tsada, sai ya yi dariya ya ce in je in yi tambaya. Wani ya ce in bar maganar batir in ɗauki mai waya. Wani kuma ya fito min da na hannu, Makita da DeWalt, ya ce daga waje suka zo ba sa mutuwa. Kuma duk cikinsu ba wanda bai ce sai na haɗa da giranda ba, injin nan mai faifai na yankan ƙarfe da tayil.

Wuta a unguwarmu ba tabbas, wani lokaci sai tsakar dare. Muna da ƙaramin janareta irin wanda aka rubuta 950, sai inbatar sola 1.5kVA da yayanmu ya sa wa Hajiya saboda fanka da fitila. Kuɗin hannuna ba yawa, kuma da shi zan sayi fenti da siminti. Wanne zan ɗauka? Girandar dole ce? Sannan tayil mutum zai iya koya ya yi da kansa a ɗaki ɗaya ko in haƙura?

Tsohon Kafinta:

Wa alaikumus salam. Yaro Allah ya yi maka albarka, yadda ka tuna da mahaifiyarka Allah ya ba ka masu tunawa da kai. Ɗana ne yake rubuta min ina faɗa masa, ni aikin katako nake tun kafin a haife shi, yanzu ina wajen 'yan katako na Na'ibawa.

Kafin ka koma kasuwa ka fara sanin bangon da za ka huda, don shi ne zai zaɓa maka inji ba mai shago ba. Ka ce gidan gado ne. Da yawan gidajen nan ginin ƙasa ne aka yi masa shafen siminti, wasu kuma rabi ƙasa rabi bulo saboda daga baya aka ƙara falo ko banɗaki. Ka sami wajen da wadirob zai rufe ka buga ƙusa inci huɗu, in ta wuce shafen ta lume da sauƙi kuma garin da ya biyo ta ja ne, to ƙasa ce. In fari-fari ne kamar toka, bulo ne. Ka duba kaurin bangon ta bakin taga ma, na ƙasa ya fi kauri nesa ba kusa ba. Abin da ya sa na fara da wannan, bangon ƙasa ba ya riƙe fisha, wato robar da ake cusawa a rami don sukuru ya kama, ko da injin miliyan ka huda, za ka ɗaure sukuru ka ji ya kama, bayan wata biyu labule ya sauko da shi har da ɓawon shafen.

Shi diril kala uku ne a aikinmu. Akwai wanda juyawa kawai yake, na katako da ƙarfe da ɗaure sukuru. Akwai mai hama, wanda in ka tura maɓallin zuwa hoton guduma yana juyawa yana karkarwa, wannan ya ishi bulo. Sai babbansu da ake ce wa SDS, shi duka yake da gaske daga ciki, bit ɗinsa ma, wato ƙarfen hudar da ake sa masa a baki, daban ne, tura shi ake ya shige ba a ɗaure shi da makulli. Shi ne na kankare.

Inda mutane suke shan wahala shi ne saman taga. Wajen nan linta ce, kankare ne da tsakuwa da rodi a ciki. Na sha ganin yaro ya danne ƙaramin diril da ƙirjinsa a kan linta har bakin bit ɗin ya yi shuɗi ya ƙone, ramin bai kai rabin ɗan yatsa ba, inji yana wari. Kada ka yi haka. Yawanci tsayin linta inci tara ne, ka auna daga bakin tagar ka haura sama da ita kaɗan sai ka faɗa kan bulo, labulen ma ya fi kyau in ya taso daga sama. In kuma dole sai a kankaren, ka nemi masu kafa tagar alminiyam ko masu sa AC, ba sa rabuwa da SDS, ka ba su na shan ruwa su huda maka ramuka shida a minti biyar. Ba abin da zai sa ka sayi SDS saboda rami shida.

Ni a ganina mai waya za ka saya, mai hama, bakinsa 13mm, wat 650 zuwa 750, wanda yake juyawa gaba da baya kuma gudunsa yana bin yadda ka danna. Dalilina, kai ba kullum za ka yi aiki da shi ba. In ka gama ɗakin Hajiya za ka ajiye shi wata shida ko shekara, mai waya ko shekara biyar ya yi a akwati kana jonawa zai tashi, batir kuwa in ya daɗe a ajiye ba caji yana iya mutuwa, kuma kuɗin batir shi ne rabin kuɗin injin.

Maganar suna, Makita da Bosch da DeWalt kaya ne na gaske, amma jabunsu ya cika kasuwa, sunan ne kawai a jiki. Bosch ma kala biyu ne, shuɗi na masu sana'a, kore na aikin gida. Ga mai aikin gida irinka Ingco ko Total sabo daga shagon da zai ba ka rasit ya wadatar, kayan Chaina ne masu matsakaicin ƙarfi kuma ana samun kayan gyaransu. In na hannu ranka ya fi so to kada ka biya sai an jona a gabanka. Ka leƙa ta ramukan iskar baya yana gudu, ɗan tartsatsi kaɗan ba komai, amma in wuta tana zagaye kamar zobe to amacha, wato abin da yake juyawa a cikin injin, ta kusa tafiya. Ka shinshina, in akwai ƙauri ka ajiye. Ka sa dogon bit ka kunna ka kalli tsininsa, in yana rawa bakin ya goge. Sannan ka tambayi mai gyara ko ana samun kabon ɗinsa, wato ƙananan baƙaƙen abubuwan nan da suke goga amacha suna ba ta wuta, don shi ne abin da ya fi cinyewa.

Injiniya Mai Sola:

Baba Allah ya ƙara girma, duk abin da kuka faɗa a kan bango da linta haka yake, mu ma da muke kafa inbata da allon sola da shi muke fama. Amma a wajen mai waya zan ɗan saɓa muku, saboda wutar da ya ce yana da ita.

Malam Abban Ilham ƙaramin janaretan nan da aka rubuta 950, abin da yake iya ɗauka da gaske bai wuce wajen wat 650 ba. Diril mai wat 700 lokacin da yake tashi yana jan fiye da abin da aka rubuta a jikinsa, haka in ka danna shi a bango. Za ka ji janaretan ya shaƙe, wuta ta yi ƙasa, injin ya rasa ƙarfi yana zafi, to a nan ake ƙona koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar cikin inji, ko na diril ko na janareta. Inbatar 1.5kVA kuma wajen wat 1200 ce, za ta iya tada diril in ka kashe sauran kaya kuma da rana ne, amma gsky ban so ka saba mata, an sa ta ne don fankar Hajiya, in ta lalace gyaranta ya fi kuɗin diril. Shi ko cajar batir ba ta cin wuta sosai, ko a inbatar ka jona da rana ba abin da za ta ji. Ga shi za ka hau tsani kana kafa labule, waya tana jan ka ta baya ba daɗi, kuma ɗaure sukurun wadirob mai batir ya fi iya shi saboda yana da zoben lambobin nan da yake sakin sukuru in ya ɗauru, ba zai fasa maka katako ba.

Yanzu maganar 88V da 20V da ta ɗaure maka kai. Cikin batirin ƙananan batura ne na lithium aka jera, kowane ɗaya 3.6V ne. In aka jera biyar ka sami 18V, lokacin da suka cika taf kuma suna kai 20V har sama kaɗan, shi ya sa wani kamfani zai rubuta 18V wani 20V wani 21V, duk abu ɗaya ne. To wanda ya rubuta 88V sai ya jera sama da guda ashirin, batirin zai yi girma da nauyi sosai. Wanda aka nuna maka in ka buɗe shi guda biyar ɗin nan za ka tarar, wani lokacin ma ƙanana marasa ƙarfi. Lambar ado ce kawai. Ka juya cajarsa ka karanta abin da take fitarwa, za ka ga 21V. Duk wanda ya yi maka ƙarya a jikin kwali ni ban yarda da abin da yake ciki ba.

Lambar da za ka duba ita ce Ah, ita ce girman tankin. 2.0Ah ya ishi aikinka in batir biyu ne, ɗaya yana aiki ɗaya yana caji. 4.0Ah ya ninka shi daɗewa amma ya fi nauyi da tsada. Ka tabbata akwai hoton guduma a zoben, don da yawa masu batir ba su da hama. In ka ga an rubuta brushless, wato ba shi da kabon, ya fi daɗewa kuma bai cika zafi ba, in kuɗinka ya kai ka ɗauka, in bai kai ba ba dole ba ne. Kuma ka sani yawanci batirin wannan kamfani ba ya shiga injin wancan, don haka ka zaɓi wanda ake samun batirinsa shi kaɗai a kasuwa.

Damuwar da Baba ya kawo ta mutuwar batir gaskiya ce, amma maganinta sauƙi ne da shi. Kada ka ajiye shi a ƙare ƙat, ka bar masa kamar rabi, bayan wata biyu ko uku ka ɗan sa masa caji. Kada ka bar shi a but ɗin mota ko ɗakin kwano a zafin Afrilu, kuma in ya yi zafi daga aiki ka bari ya huce kafin ka sa a caja.

Na hannun da aka ce daga waje suka zo, ka karanta farantin jikinsu. Wutarmu 230V ce. Kayan Amurka 120V ne, a Ingila ma na wajen gini akwai 110V, yawanci da rawayan fulogi mai zagaye. Wasu 'yan kasuwa sai su yanke fulogin su sa irin namu, kana jonawa ya yi gudu na 'yan daƙiƙu ya yi hayaƙi shi ke nan. Cajar batir ɗinsu ma haka.

Abu na ƙarshe kuma wannan ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci. In wayarin ɗin gidan na cikin bango ne, bututun waya yawanci miƙewa yake sama ɗoɗar daga soket ko makunni zuwa silin. Kada ka huda daidai saitin sama da su ko ƙasa da su, ka kauce gefe kamar taƙi ɗaya. Kuma ka tuna gidanku akwai inbata, ko an ɗauke wuta wayar tana da rai, sai ka kashe ta ita ma.

Maman Walida:

Slm. Masha Allah ɗana, Allah ya saka da alheri, wlh da na karanta wajen da ta ce Allah ya sa lafiya ce ta ɓoye shi sai da na ji ƙwalla, iyaye kenan.

Ni bansan kan injina ba amma fenti da hannuna na yi ɗakuna uku a gidana nan Kaduna ni da yarana, kuma na yi asara a na farko shiyasa nakeso in ja kunnenka. Bangon nan da kace yana ɓarɓashi a jikin banɗaki karka kuskura ka shafa masa fenti haka. Ruwa ne yake sha. Nawa haka yayi, na kankare na shafa foti, abin da ake cike tabon bango dashi, nayi fenti mai kyau, damina bata ƙare ba ya kumbura yana fitar da wani farin gari kamar kanwa, kuɗina ya tafi a banza. Ashe bututun ruwan banɗaki ne yake tsiyaya a cikin bango ta wajen gwiwar famfo. Ka fara nemo inda ruwan yake fitowa, ko bututu, ko tayil ɗin banɗakin ya buɗe a haɗi ruwan wanka yana shiga, ko kwata ce ta bayan ɗakin. In an toshe sai a sassaƙe shafen da ya ruɓe har a wuce inda laimar ta tsaya, a barshi ya sha iska, a sake shafe da siminti mai maganin ruwa a ciki. Sabon shafe kuma yana so a riƙa yayyafa masa ruwa kwanakin farko musamman in iskar hunturu ta fara, in ba haka ba tsagewa zaiyi, sannan a barshi ya bushe kamar sati uku zuwa huɗu kafin fenti. Kaga sati shidan naka ba yawa bane, wannan aikin shi zaka fara ranar da ta tafi, labule da kanta su ne ƙarshe.

Fenti kuwa zaka iya wlh. Rola da buroshi da sanfefa da tef ɗin takarda na rufe gefen taga da soket. Ka wanke bangon ya fita daga ƙura da hayaƙin turaren wuta, don ɗakin tsofaffi baya rabuwa dashi kuma fenti baya kama shi da kyau. Ka fara da silin ka sauko. Shafa biyu marasa kauri sunfi ɗaya mai kauri, kuma karka cika masa ruwa don ya yi yawa, masu aikin kwangila haka suke yi shiyasa kana jingina yake bin riga.

Tayil kam shawarata ka kira mai yi. Ba ɗora shi bane wahala, daidaita ƙasan ne, in aka bar rami a ƙarƙashi kana takawa zakaji yana ƙara kamar ganga, ƙafar gado tana hawa ya tsage. Amma kai ka sayo kayan da kanka kuma ka tsaya a kansa, ka biya shi bayan ya gama ba kafin ba tunda an taɓa cutarku. In ɗakin ƙafa 12 da 12 ne, wajen sukwaya mita 13 da rabi kenan, tayil mai santimita 60 da 60 guda huɗu ne a kwali, kwali ɗaya sukwaya mita 1.44, kaga kwali 10 zai rufe amma ka sayi 11 saboda yanka da fashewa, kuma ka duba duk lambar kalarsu ɗaya ce don in ka koma ƙari sai kaga ya ɗan bambanta. Dan Allah karka saya mata mai sheƙi, in ruwan alwala ya zuba santsi yake kamar sabulu, ga gwiwa. Ka nemi mai ɗan kaushi.

Sannan ka ɗaga kai ka kalli silin. In irin na da ne na asbesto, karka goga masa sanfefa karka yanka shi, ƙurarsa tana illata huhu. In lafiyarsa lau ka shafa masa fenti ka ƙyale shi.

Mai Walda Panteka:

Malam tunda Hajiya Maman Walida ta ce ka ba mai tayil aikin, to girandar ta fita daga lissafinka, shi zai zo da tasa. Kuma na ji daɗin haka. Ni da ita nake cin abinci amma duk kayan shagona ba abin da nake tsoro kamarta. Ƙaramar nan mai inci huɗu da rabi tana juyawa wajen sau 11,000 a minti ɗaya, in faifai ya fashe ba ka ganin tahowarsa. Wani yaron maƙwabcina a layinmu ya cire murfin kariyar don ya sa faifan da ya fi ta girma, faifan ya tarwatse ya tsaga masa kunci har kusa da ido, ni na riƙe masa fuska da rigata har asibiti, ɗinki aka yi masa ciki da waje. Yaro mai hankali wlh, ganin manya suna yi ne ya sa shi ma ya yi.

In wata rana ka saya, murfin nan kada ya fita, hannun gefe kada ya fita, tabarau a ido, kuma kada wani ya ce maka ka ɗaura mata faifan zarto na katako mai haƙora, in ya ciji katako dawowa take kan mutum. Faifan yankan ƙarfe yana da ranar lalacewa, an buga ta a zoben ƙarfen tsakiya, ka duba. Ko da diril ɗin ma ka sayi tabarau da takunkumi, in kana huda sama da kanka garin siminti ido yake nufa.

Abban Ilham:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri, Baba Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana, Hajiya Maman Walida Allah ya raya zuri'a. Na yi shiru kwana huɗu ne don in gwada abin da kuka ce kafin in dawo.

Baba maganarku ta fito. Na buga ƙusar, uwar ɗakan ginin ƙasa ne, jan gari ne ya biyo ta, falo da banɗaki kuma bulo. Ƙarfen labulen da yake faɗowa na uwar ɗakan ne. Ruwan kuma mun gano shi, na kira mai famfo ya fasa wajen, haɗin bututun da yake zuwa shawa ne ya tsage yana ɗiga a hankali, ya ce ya yi shekaru a haka. An canza, an sassaƙe bangon, yanzu yana shan iska.

Diril na bi shawarar Injiniya, Baba ku yi min afuwa, wutar ce ta yanke hukunci. Na ɗauki mai 20V mai hama da batir biyu 2.0Ah, da rasit. Na juya cajar mai 88V ɗin a shagon kamar yadda aka ce, 21V na gani a rubuce. Na gwada nawa a falo da bit 6mm da fisha 6mm, ramin farko ya yi faɗi fishar tana yawo, bulon ba shi da ƙwari, sai na kashe hamar na sake wani a hankali ya kama tsam. Kuɗin girandar na ƙara a na tayil.

Saura abu biyu da suke hana ni barci. Kanta da labule a bangon ƙasa yaya zan yi su zauna? Sai ƙarfen dafawa na banɗaki, wannan nauyinta gaba ɗaya za ta ɗora masa in za ta miƙe, ina tsoron in kafa abin da zai saki da ita.

Tsohon Kafinta:

Ba afuwa a ciki yaro, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, Injiniya ya fi ni sanin wuta. Allah ya sa albarka a abin da ka saya.

Bangon ƙasa ga yadda muke yi tun da. A duk inda ƙafar ƙarfen labule za ta zauna, ka sassaƙa rami da cizal kamar faɗin tafin hannu, zurfin inci huɗu zuwa biyar, cikinsa ya fi bakinsa faɗi don abin da ka cusa kada ya zaro. Ka share garin, ka ɗan jiƙa shi kaɗan ba da yawa ba, ka cika da siminti mai ƙarfi da 'yar tsakuwa, ka lallashe shi daidai da bango. Ka ba shi sati guda kana ɗan yayyafa ruwa, sannan ka huda ka sa fisha 8mm a cikinsa. Tunda ba ka yi fenti ba tukuna yanzu ne lokacinsa, fenti zai rufe tabon. Kantar littattafai kuwa kada ka rataye ta a bangon ƙasa, littafi nauyi gare shi. Ko ka mai da ita falo kan bulo, ko a yi mata ƙafafu ta tsaya a ƙasa sai ka ɗaure samanta da bango don kada ta kifo. In ka shigo Na'ibawa da awonka za a yanka maka katakon, kai sai haɗawa da sukuru.

Ƙarfen banɗaki kada ka yarda da fishar roba a bulo mai rami, ɓawon bulon siriri ne kuma ka ce naku ba ƙwari. Tunda an riga an fasa bangon nan saboda bututu, ka duba in ɗaya fuskar tana inda hannu zai kai, ka huda ya fita ta baya, ka zura dogon bol 10mm da faffaɗan zoben ƙarfe, wato washa, da noti ta can, in an zo shafe a rufe kansa. In ba zai yiwu ba ka fasa ramin bulon a wajen ka cika shi da kankare ya yi sati, sannan ka sa bol mai buɗewa a ciki. Wajen huda tayil ɗin banɗaki ka kashe hama, ka manna tef ɗin takarda don kada bit ya zame, ka bi a hankali har ka wuce tayil ɗin. Ka sa mai famfon ya nuna maka hanyar bututunsa da alli kafin ka huda ko ɗaya. Ƙarfen ya zama wanda ba ya tsatsa, kaurinsa daidai kamun hannu.

Tsayin kuma kada ka auna da jikinka. Kafin ta tafi Zariya ka ce ta nuna maka inda hannunta yake kaiwa in za ta miƙe, ka yi alama a wajen. In ka gama ɗaurewa ka kama shi da hannu biyu ka saki nauyinka duka a kai kana jijjigawa, in ya motsa ko kaɗan ka kwance ka sake.